Zazzaɓin dengi a jami'o'i: abin da ɗalibai suka sani da abin da bokitin ɗakinsu ke ƙyanƙyashewa

A ƙarshen 2023 Hukumar Daƙile Cututtuka ta Najeriya, NCDC, ta sanar da ɓullar zazzaɓin dengi a Jihar Sakkwato. Mutum 71 aka yi zargin sun kamu, gwaji ya tabbatar da 13, ba a samu rasuwa ba. Ƙananan hukumomin da abin ya taɓa su ne Sakkwato ta Kudu da Wamakko da Dange Shuni, kuma mafi yawan waɗanda aka yi zargin 'yan shekara 21 zuwa 40 ne. A tsakiyar 2025 hukumar ta sake tabbatar da cutar a Jihar Edo. Duk sanda irin wannan sanarwa ta fito, jama'a kan tambaya ko wani sabon nau'in maleriya ne ya shigo, sannan a biyo da shawarar da kowa ya haddace tun firamare, wato a kwana a gidan sauro, a yashe kwata.

Dengi ba maleriya ba ne, kuma wannan shawara ba ta kai rabin abin da ake buƙata ba. Jami'a ce wurin da giɓin ya fi fitowa fili. A nan ne dubban matasa daga garuruwa daban-daban suke kwana a cunkushe, suna tara ruwa a bokiti da jarka, kuma su ne ake sa ran za su koma gida su faɗakar da iyaye da ƙanne. Shi ya sa masu bincike a ƙasashen da cutar ta yi kaka-gida suka daɗe suna auna abin da ɗalibai suka sani game da ita da abin da suke aikatawa a zahiri.

Mene ne dengi?

Dengi, wanda ake rubutawa dengue a takardun asibiti, zazzaɓi ne da ƙwayar bairos ke kawowa. Maleriya kuwa wata halitta ce daban, mai shiga hanta da jajayen ƙwayoyin jini. Don haka duk yawan maganin maleriyar da mutum zai sha, bai rage wa bairos ɗin dengi komai ba. Maganin taifod ma haka.

Bairos ɗin iri huɗu ne. Wanda ya kamu da iri ɗaya ya warke, jikinsa ya samu garkuwa mai ɗorewa daga wannan irin, amma kariyar da yake samu daga sauran ukun ta ɗan lokaci ce. Idan ta gushe, kamu na biyu da wani iri daban ya fi na farko haɗari. Kyuba ta ga haka da idonta. Iri na ɗaya ya ratsa ƙasar a 1977, iri na biyu ya shigo a 1981, sama da mutum 340,000 suka kamu, 158 suka rasu, yawancinsu yara.

Alamomin kan bayyana kwana 4 zuwa 10 bayan cizo: zazzaɓi mai zafi da kan kai digiri 40, ciwon kai mai tsanani, ciwo a bayan ƙwayar ido, ciwon gaɓoɓi da tsoka har mutum ya ji kamar ana karya masa ƙashi, tashin zuciya, amai, wani lokaci da ƙuraje. Yawancin waɗanda suka kamu ba sa ma sanin sun kamu, ko kuma su ɗan yi zazzaɓi su miƙe cikin mako ɗaya zuwa biyu. Kaɗan ne ciwon ke yi wa tsanani, inda ruwan jini ke tsiyayewa daga jijiyoyi, ƙwayoyin da ke daskarar da jini su ragu, jini ya riƙa zuba. Babu maganin da ke kashe bairos ɗin, amma idan an gano da wuri an kula da ruwan jikin majiyyaci yadda ya kamata, waɗanda ke rasuwa ba sa kai ɗaya cikin ɗari.

Sauro biyu, hali biyu

Ilimin sauron da ɗalibin Kano ko Maraɗi ya taso da shi ilimin maleriya ne, kuma akwai dalili. Najeriya kaɗai ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya. Sauron maleriya, Anopheles, ɗan dare ne, yana hayayyafa a kududdufi da fadama da ruwan da ya kwanta a ƙasa. Gidan sauro mai magani an yi shi ne daidai da halinsa.

Sauron dengi sunansa Aedes aegypti, yana da ɗan'uwa Aedes albopictus. Baƙi ne ƙarami mai ratsin fari a ƙafafu. Da rana yake cizo, musamman da hantsi da kuma tsakanin la'asar da magariba. Ba ya neman kududdufi. Abin da macensa ke so shi ne ruwan da ɗan Adam ya tara a mazubi, ko wanda ruwan sama ya bari a wani abu da aka yar: randa, tulu, duro, bokiti, tankin da ba murfi, tsohuwar taya, gwangwani, robar lemo, kaskon shuka, kwanon ruwan kaji. Ruwan da ido zai gani ya ce mai tsabta ne, shi ya fi so.

Ƙwansa ma yana da nasa hali. Macen ba ta zuba shi a kan ruwa, tana manna shi ne a jikin mazubin, sama kaɗan da inda ruwan ya tsaya. Ƙwan yana iya bushewa ya yi watanni bai mutu ba, ranar da ruwa ya sake taɓa shi sai ya ƙyanƙyashe. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne a lokacin zafi. Wannan ne ya sa ake cewa a duba mazuban ruwa mako-mako, kuma zubar da ruwan kawai bai isa ba, sai an sa soso an dirje cikin mazubin.

Ba mai nisan tafiya ba ne. Yawanci yakan ƙare rayuwarsa cikin 'yan ɗaruruwan mitoci daga inda aka ƙyanƙyashe shi, yana ɓuya a ƙarƙashin gado da bayan labule da cikin kayan da aka rataye. Idan ya ciji ɗalibi a ɗaki, to da wuya a ce daga wata unguwa ya zo. Yana son ƙafa da idon sawu, kuma yana da saurin firgita, sai ya ciji wannan ya tashi ya ƙarasa a jikin wancan. A ɗakin da mutum takwas ke kwana, sauro ɗaya mai ɗauke da cutar ya isa. Sai dai cutar ba ta bi daga mutum zuwa mutum ta hanyar tari ko cin abinci tare. Sauron ne zai sha jinin mai ciwo, bairos ɗin ya yi kwana 8 zuwa 12 a cikinsa, daga nan ya zama mai yaɗawa har ya mutu.

Dattawa sun san wannan sauro ko da ba su san sunansa ba. 'Yan duba-gari da ke shiga gida-gida suna leƙa randa tun zamanin Turawa, 'yan tsutsotsinsa masu wutsil-wutsil suke nema, domin shi ne dai ke yaɗa shawara a birane.

Cutar ba baƙuwa ba ce

Tun a shekarun 1960 aka gano bairos ɗin dengi a jinin majiyyata a Badun. Abin da ya yi ƙaranci shi ne gwaji. A inda kowane zazzaɓi sunansa maleriya har sai an tabbatar da akasin haka, dengi kan wuce da sunan wani.

A duniya kuwa alƙaluman sun yi tsalle. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta samu rahoton mutum 505,430 a shekarar 2000. A 2019 adadin ya kai miliyan 5.2, a 2023 ya haura miliyan 6.5, a 2024 ya zarce miliyan 14. Hukumar na ƙiyasin cewa kusan rabin mutanen duniya suna zaune a inda za su iya kamuwa. Dalilan da ake bayarwa su ne bunƙasar birane ba tare da ruwan famfo da kwashe shara sun biyo baya ba, yawan tafiye-tafiye, da ɗumamar yanayi da ke gaggauta rayuwar sauron da ta bairos ɗin da ke cikinsa.

Shekarar 2023 ce ta kawo maganar kusa da gida. Burkina Faso ta yi fama da annobar dengi mafi girma a tarihinta, sama da mutum 140,000 aka yi zargin sun kamu, kusan 700 suka rasu, yawanci a Wagadugu da Bobo Julaso. A can ma jama'a da maleriya suka haɗa ta, suna kiranta "palu-dengue". A watan Agustan shekarar Chadi ta sanar da ɓullar cutar a Abeshe. Gana ta biyo baya a Yulin 2024 a yankinta na Gabas. Yanayin Wagadugu bai bambanta sosai da na Yamai ko Sakkwato ba, kuma motocin fatake da na ɗalibai suna ratsa iyakokin kullum. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Me ake aunawa idan an ce "wayewar kai"?

Binciken da ake yi a kan ɗalibai kusan fasali ɗaya yake da shi, ko a Malesiya ne ko Bangaladash ko Pakistan ko Siri Lanka. Ana raba takardar tambayoyi mai kashi uku. Na farko sani: me ke kawo cutar, yaushe sauron ke cizo, ina yake hayayyafa. Na biyu ra'ayi: kana ganin cutar mai haɗari ce, kana jin za ka iya kamuwa, aikin wa ne hana ta. Na uku aiki: kana rufe mazubin ruwa, kana duba shi, kana shafa maganin sauro.

Sakamakon da ke yawan maimaituwa shi ne kusan kowa ya ji sunan cutar kuma ya san sauro ke kawo ta. Idan aka gangara ga lokacin cizo da irin ruwan da sauron ke so da alamomin haɗari, sai maki ya fara sauka. Ɗaliban likitanci da sauran fannonin lafiya kan fi na sauran tsangayoyi sani, kamar yadda ake zato. Amma a kashi na uku tazarar kan tsuke, domin wanda ya ci maki a sani ba lallai ne ya duba bokitinsa ba.

Irin wannan bincike yana da masu suka, kuma sukar tana da nauyi. Amsar baki ce ake tattarawa, ba wanda ya je ɗaki ya ɗaga murfi. Ɗalibin da aka tambaya ko yana rufe ruwansa ya san amsar da ake so ya bayar. Idan ta intanet aka raba tambayoyin, masu data da masu sha'awar batun ne za su amsa. Sannan an saba haɗa ayyuka masu bambancin amfani a ba su maki ɗaya, ta yadda wanda ke kunna maganin sauro da dare zai ci maki daidai da wanda ke dirje duro duk Asabar, alhali na farkon kusan bai taɓa sauron dengi ba. Masu ilimin ƙwari sun fi yarda da ƙidayar mazubai, wato a shiga gidaje a lissafa nawa ne cikin ɗari ke da tsutsa. Masu kare binciken tambayoyi kuma suna cewa shi ne mai araha, kuma shi ke nuna takamaiman kuskuren da ya kamata saƙon faɗakarwa ya gyara.

Bokitin ƙarƙashin gado

A yawancin ɗakunan kwanan ɗalibai, ruwa yana da lokacin zuwa. Idan aka kawo wuta aka tura shi tanki, kowa sai ya fito da bokiti da jarka, saboda ba a san ranar da zai sake zuwa ba. Waɗanda ke haya a wajen makaranta, irin su Samaru a Zariya ko Ɗanbare a Kano, da yawa wurin 'yan garuwa suke saye. Ruwan da aka saya da kuɗi ko aka yi layin awa guda kafin a samu, ba wanda zai zubar da shi don an ce mako ya cika. Sai dai a ƙara sabo a kan tsoho, bokitin bai taɓa bushewa ba balle a dirje shi. Ɗalibar da ke yin haka tana iya kasancewa ta amsa duk tambayoyin takarda daidai.

Sai kuma mazuban da ba su da mai su. Tankin saman gini da murfinsa ya fashe, duron bayan banɗaki, tukunyar masai da ta lalace ruwa ya kwanta a ciki, tayoyin da aka jibge a bayan sashen gyare-gyare, ramin ajiyar ruwa a ginin da ɗan kwangila ya bari, ledojin fiya-wata da robobin abinci da iska ta tara a gindin katanga. Ɗalibi yana ganinsu kullum, amma a wurinsa aikin hukumar makaranta ne. Masu shara an ɗauke su ne don share farfajiya. Sashen gyare-gyare yana jiran a kawo masa ƙorafi a rubuce. Tanki guda marar murfi yana iya fitar da sauron da ya fi na bokitan bene guda.

Hutu ma yana taka rawa. Idan aka tashi hutun ƙarshen zango ko yajin aiki ya rufe makaranta, ana kulle ɗakuna da bokitai a ciki. Ruwan ya ƙafe, ƙwan ya zauna. Ranar dawowa aka cika bokitin ba tare da wanki ba, a mako na biyu na karatu sauro ya tashi.

Jadawalin ɗalibi kuma ya yi daidai da na sauron. Laccar ƙarfe takwas, zaman ɗakin karatu da ƙafafu a ƙarƙashin tebur, hira a gindin bishiya bayan la'asar, kallon ƙwallo kafin magariba. A duk waɗannan lokuta gidan sauro yana naɗe a saman gado. Suturar da aka saba da ita a Arewa, kaftani da dogon wando da hijabi, tana rufe mafi yawan jiki, kuma wannan riba ce ta gaske. Sai dai silifa ta bar wa sauron daidai wurin da ya fi so. Man shafawa mai korar sauro, irin mai sinadarin DEET ko picaridin, yana aiki da rana, amma ɗalibin da ke lissafin kuɗin abinci da na hoton takardu ba zai sa shi a sahun farko ba.

Wannan ba ya nufin a naɗe gidan sauro a ajiye. Maleriya tana nan, kuma ita ce ta fi kisa nesa ba kusa ba. Ko a dengi gidan sauro yana da amfani wurin mai barcin rana, kuma ya fi amfani wurin wanda ya riga ya kamu. Idan ya kwanta a ciki dare da rana a makon farko, sauron ɗakin ba zai samu jininsa ya kai wa abokan kwanansa ba.

Kyamis, jarrabawa da ranar da zazzaɓi ya sauka

Ɗabi'ar da ta fi haɗari tana bayyana ne bayan an kamu. Ɗalibi ya tashi da zazzaɓi da ciwon jiki, ya nufi kyamis, a haɗa masa "na maleriya da taifod" da wani abu na ciwon gaɓoɓi. Wannan na ƙarshen sau da yawa ibuprofen ne ko diclofenac ko asfirin, kuma wasu garin maganin ciwon kai da ake sayarwa a ƙunshi asfirin ne a cikinsu. Waɗannan magunguna suna ƙara haɗarin zubar jini ga mai dengi. Farasitamol ake ba da shawarar sha, shi ma bisa ƙa'ida saboda hanta, tare da hutu da yawan shan ruwa. Likitoci kan guji allurar tsoka ga wanda ake zargin yana da cutar saboda wannan haɗari na zubar jini.

Ko an je asibitin makaranta, akwai tarko. A yankin da maleriya ta yi yawa, mutum yana iya ɗauke da ƙwayarta a jini ba ita ce ta kwantar da shi ba. Gwaji ya nuna maleriya, a ba da magani, a rufe fayil. Gwajin Widal da ake yi wa taifod kuma ya yi suna wajen nuna cutar inda babu ita. Gwajin dengi daban ne, kuma ba kowane ƙaramin asibiti ke da shi ba.

Abin da ya fi ruɗa mutane shi ne lokacin da haɗarin ke zuwa. A maleriya, saukar zazzaɓi alamar sauƙi ce. A dengi, awa 24 zuwa 48 da ke biyo bayan saukar zazzaɓi, wajen kwana na 3 zuwa na 7, su ne lokacin da ciwon kan juye ga waɗanda zai yi wa tsanani. Daidai lokacin ne ɗalibi zai ce ya warke, ya ɗauki biro ya nufi ɗakin jarrabawa, ko ya hau mota zuwa gida. Alamomin da ke cewa a koma asibiti nan take su ne ciwon ciki mai tsanani, aman da ya ƙi tsayawa, jini a dasashi ko hanci ko amai ko bayan gida, numfashi sama-sama, ƙishirwa mai yawa, sanyin hannu da ƙafa, da kasala ko rashin natsuwa da ba a saba gani ba. A ɗakin kwanan ɗalibai ba uwa ba uba, abokin ɗaki ne zai lura ko ya kasa lura.

Ganyen gwanda ya yi suna a Kudancin Asiya a matsayin mai ɗaga ƙwayoyin jini, kuma labarin yana yawo a WhatsApp. Bai shiga cikin jiyyar da WHO ta amince da ita ba, kuma ba ya hana tsiyayar ruwan jini, wadda ita ce ke kisa.

Inda masana suka rabu

Ɓangare na farko yana ganin faɗakarwa ce hanya, amma faɗakarwa mai neman aiki guda takamaimai. Malesiya ta daɗe tana kiran jama'a su ware minti goma a mako su bi mazuban ruwa. Indunusiya tana da taken ayyuka uku, a kwashe a wanke, a rufe, a kawar da tarkace, tare da 'yan sa-kai masu duba tsutsa gida-gida. Hujjarsu mafi ƙarfi gwajin da aka yi a Nikaraguwa da Meziko ne, wanda aka wallafa a 2015, inda unguwannin da mazaunansu suka shirya kansu suka samu raguwar kamuwar yara da kusan kashi 30 cikin ɗari. A can ba takarda aka raba aka tafi ba, an nuna wa mutane tsutsar da ke cikin duronsu ne, su suka zaɓi abin da za su yi.

Ɓangare na biyu yana cewa ɗora wa ɗalibi alhaki kauce wa tushen matsala ne. Muddin famfo ba ya zuba kullum, za a tara ruwa. Muddin ba a kwashe shara, damina za ta cika robobi. A ganinsu kuɗin taron faɗakarwa da riguna da alluna ya fi amfani a sayi murafen tanki a gyara famfo. Masu faɗakarwa kan amsa da cewa gyaran ruwa aikin shekaru ne, sauro kuma kwana goma yake buƙata.

Akwai masu son doka. Singafo tana cin tarar gidan da aka samu tsutsa a cikinsa, Malesiya ma tana da irin wannan doka tun 1975. Duk da haka Singafo, mai ruwan famfo da jami'an duba-gari da tara, ta samu sama da mutum 35,000 da suka kamu a 2020, adadi mafi yawa a tarihinta. Kowane ɓangare yana karanta wannan yadda ya dace da shi. A jami'a tambayar da za ta taso ita ce wa za a ci tara idan tsutsar a tankin makaranta take.

Feshin hayaƙi shi ne abin da jama'a suka fi nema, shi kuma hukumomi suka fi son yi, saboda ana ganinsa. Yana rage manyan sauro na 'yan kwanaki a lokacin annoba. Ba ya taɓa ƙwai da tsutsa, ba ya cika isa ƙarƙashin gado idan daga waje aka fesa, kuma a wurare da yawa sauron ya fara jure wa magungunan da ake amfani da su.

Allurar riga-kafi tana da tarihi mai sarƙaƙiya. Ta farko, Dengvaxia ta kamfanin Sanofi, an yi wa yara 'yan makaranta kusan 800,000 a Filifin, kafin kamfanin ya sanar a Nuwamban 2017 cewa tana ƙara haɗarin ciwo mai tsanani ga wanda bai taɓa kamuwa ba. Ta biyu, Qdenga ta kamfanin Takeda, WHO ta ba da shawarar a yi wa yara 'yan shekara 6 zuwa 16 a wuraren da cutar ta yi yawa ƙwarai, kuma Burazil ta fara yi wa jama'a a 2024. Ɗalibin jami'a ya wuce waɗannan shekaru.

Dabarar da ta fi ba da mamaki daga jami'a ta fito. A birnin Yogyakarta na Indunusiya, masu bincike na Jami'ar Gadjah Mada ƙarƙashin Farfesa Adi Utarini, tare da abokan aikinsu na Ostireliya, sun saki sauro masu ɗauke da bakteriyar Wolbachia, wadda ke hana bairos ɗin yaɗuwa a jikin sauro. Sakamakon da aka wallafa a 2021 ya nuna kamuwa ta ragu da kashi 77 cikin ɗari, kwanciya asibiti da kashi 86. Sai da aka shafe lokaci ana shawo kan mazauna unguwanni kafin su yarda a ajiye musu bokitin ƙwan sauro a gida.

Abin da zai shafi ɗalibi da iyayensa

Ga mafi yawan waɗanda za su kamu, asarar ta lokaci ce da kuɗi: mako ɗaya zuwa biyu a kwance, kasalar da kan ɗauki makonni, kuɗin maganin maleriya da taifod da aka sha a banza, wataƙila da jarrabawar da za a maimaita. Idan cutar ta bazu a makaranta, ƙaramin asibitinta ne zai fara cika, domin masu alamomin haɗari suna buƙatar gado da ƙarin ruwa da awon jini a kai a kai. Idan kuma ta zo daf da hutu, ɗalibai masu bairos a jini za su watsu zuwa garuruwan da sauron ke jira a randunan gidajensu.

Kula da mazuban ruwa yana da wata riba da ba ta dengi ba. Sauron nan shi ke yaɗa shawara da cututtukan chikungunya da Zika. Ga kuma wani sauron maleriya ɗan Asiya, Anopheles stephensi, da aka gano a Jihar Gombe a 2020. Shi ma a tanki da duro yake hayayyafa, saɓanin danginsa na kududdufi.

Waɗanda suka fi kusa da haɗarin su ne masu karatu a waje. Ɗaliban Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi suna Malesiya da Indiya da Bangaladash, inda Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ke da jami'ar fasaha a Gazipur kusa da Daka. A 2023 Bangaladash ta samu mutum 321,179 da suka kamu, 1,705 suka rasu. A Sudan, garuruwan Kasala da Gadarif da Fot Sudan sun sha fama da cutar, Jidda ma tana da ita tun 1994. Ɗalibin da ya taɓa yin dengi a gida aka kira shi maleriya, idan ya haɗu da wani iri a can, kamu na biyu ne a jikinsa ko da na farko ne a saninsa.

Wanda ya dawo daga irin waɗannan wurare ya yi zazzaɓi cikin mako biyu, likita yana buƙatar jin abu biyu daga bakinsa, ƙasar da ya fito da ranar da zazzaɓin ya fara. Ranar ce ke nuna gwajin da za a yi. A kwanakin farko ana neman bairos ɗin kansa ko sinadarinsa da ake kira NS1, daga wajen kwana na biyar kuma ana neman garkuwar da jiki ya fara haɗawa. Gwajin da aka yi ba a lokacinsa ba yana iya cewa babu cutar alhali tana nan.